Kwana a Ludwigshafen, Karatu a Mannheim: Yadda Na Kammala Takardun Zama a Yankin Rhein-Neckar

Na rubuta wannan bayani ne saboda ƙannenmu da ke shirin zuwa karatu ko aiki a kudu maso yammacin Jamus, musamman yankin da ake kira Rhein-Neckar, inda biranen Mannheim da Ludwigshafen da Heidelberg suke. Kafin in taso daga Zariya na yi tambaya sosai a kan biza da kuɗin da ake kullewa a banki, amma ban sami wanda ya ja hankalina ga abin da ya fi ba ni wahala bayan na sauka ba, wato cewa wurin da ido yake gani tamkar gari ɗaya, a takarda jihohi uku ne, kowace da ofisoshinta da dokokinta da ranakun hutunta. Wasu takardun suna bin inda mutum yake kwana, wasu kuma suna bin inda yake karatu ko aiki, kuma rashin bambance waɗannan biyun ya cinye mini makonni da kuɗi.

Na sauka a filin jirgin saman Frankfurt ranar Talata, 12 ga Satumba 2023, da bizar karatu ta wata uku da takardar samun gurbin digiri na biyu a wata makaranta da ke Mannheim. Daga tashar jirgin ƙasa da ke cikin filin jirgin na hau jirgi mai gudu da suke kira ICE, wanda ya kai ni Mannheim cikin kusan rabin sa'a. Ta taga na fara fahimtar yanayin ƙasar, domin shimfiɗaɗɗen fili ne mai gonaki, kwarin kogin Rhine na sama, wanda tsaunukan Odenwald suka tokare shi ta gabas, dajin Pfalz kuma ta yamma, kuma yana cikin wuraren da suka fi ɗumi a duk Jamus. A Mannheim ne kogin Neckar yake zubawa cikin Rhine, kamar yadda Binuwai take haɗuwa da Neja a Lakwaja, kuma tsohon garin yana zaune ne a tsakanin ruwan biyu. Na kama gado a wani masaukin matafiya kan Yuro 34 a kowane dare, sannan washegari na fita neman ofishin makaranta, a nan kuwa na ci karo da ruɗani na farko. Tsakiyar Mannheim ba ta da sunayen tituna kamar sauran garuruwa, an yanka ta ne murabba'i murabba'i har 144, kowanne da harafi da lamba. Idan mutum ya juya baya ga tsohuwar fadar sarauta ya fuskanci Neckar, haruffan A zuwa K suna hannun hagu, L zuwa U suna hannun dama, lambobin kuma suna ƙaruwa gwargwadon nisa daga babban titin da ya raba garin biyu. Saboda haka adireshi irin su E 5 ko N 1 cikakken adireshi ne, ba taƙaitawa ba. Sai da na ɓata kusan sa'a guda ina zagaye kafin wata dattijuwa ta zana mini tsarin a bayan takardar sayayya.

Rajistar makaranta ita ce ta farko da na kammala, domin sun karɓi adireshin masauki na wucin gadi. Sun nemi fasfo da biza, da shaidar inshorar lafiya wadda kamfanin inshorar ne yake aika musu kai tsaye ta na'ura, da shaidar biyan kuɗin zango. Inshorar gwamnati ta ɗalibai ta tsaya mini kimanin Yuro 125 a wata, kuma wannan farashi na waɗanda ba su kai shekara 30 ba ne. Kuɗin zangon ne ya fi nauyi, saboda tun daga zangon hunturu na 2017 jihar Baden-Württemberg, inda Mannheim da Heidelberg suke, tana karɓar Yuro 1,500 a kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai, ban da ɗan kuɗin hidima da kowa yake biya. Jihar Rheinland-Pfalz da ke tsallaken kogi ba ta karɓar wannan kuɗi. Na san da batun tun ina gida, amma wani ya gaya mini cewa idan na zauna a tsallaken za a ɗauke mini, kuma na riƙe wannan magana har na sa ta cikin lissafina. Ma'aikaciyar da ke karɓar takardu ta warware mini a taƙaice cewa kuɗin yana bin makaranta ne, ba ya bin makwanci, don haka ko a Faransa nake kwana sai na biya. Na fito daga ofishin jikina a sanyaye, domin Yuro 3,000 a shekara ba sa cikin kuɗin da na kulle a banki.

Neman ɗaki ya ɗauke ni kwana goma sha shida, kuma su ne ranakun da suka fi tsanani. Na aika saƙo ga masu ɗakuna sama da arba'in, waɗanda suka amsa ba su kai goma ba. A Heidelberg, wadda ke da nisan kusan kilomita 20, haya ta fi ƙarfin ɗalibi irina, saboda gari ne ƙarami da ya matse tsakanin tsaunuka da Neckar, ga jami'ar da aka kafa tun 1386, wadda ta fi kowace daɗewa a Jamus ta yau, ga cibiyoyin bincike irin na cutar daji, ga masu yawon buɗe ido. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya turo mini hotunan ɗaki mai kyau, ya ce yana ƙasar waje, in tura kuɗin wata biyu zai aiko da mabuɗi ta gidan waya. Saura ƙiris in tura, sai Allah ya sa na je sallar Juma'a a babban masallacin Yavuz Sultan Selim da ke unguwar Jungbusch, wanda aka buɗe a 1995, na ji wani dattijo yana waya da Hausa a bakin ƙofa. Mutumin Damagaram ne da ya shekara sama da ashirin a yankin, kuma tun ranar nake ce masa Baba. Da na nuna masa saƙon, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, kada ka ba kowa sisi sai ƙafarka ta taka ɗakin, kuma ka ga takardar haya da idonka. Ka bar Mannheim, ka haye gada, can ya fi sauƙi." Ta hanyarsa na sami ɗaki a Ludwigshafen, a gidan da mu uku muke raba kicin da banɗaki, kan Yuro 390 a wata har da kuɗin ɗumama ɗaki da ruwa. Na ba da kuɗin ajiya da suke kira Kaution, Yuro 600, wanda doka ta hana ya wuce hayar wata uku, na tare ranar 1 ga Oktoba. Baba ne kuma ya tuna mini in karɓi wata takarda daga hannun mai gidan, mai suna Wohnungsgeberbestätigung, wadda ke shaida cewa lallai na shiga gidan a rana kaza. Takardar haya kaɗai ba ta isa ba, kuma idan mai gida ya ƙi ba da wannan shaida to a bar ɗakin komai arharsa.

Dokar Jamus ta ce duk wanda ya tare a sabon gida ya yi rajistar adireshinsa cikin mako biyu, abin da suke kira Anmeldung. Da yake makarantata a Mannheim take, kuma tafiyar daga ɗakina zuwa tsakiyar Mannheim ba ta wuce minti goma a jirgin titi ba, sai na shiga shafin intanet na birnin na kama lokacin ganawa na ranar Juma'a, 6 ga Oktoba. Na isa da wuri, na zauna har lambata ta fito a allo, na miƙa takarduna. Ma'aikacin ya duba adireshin, ya ɗago kai ya ce cikin ladabi ba shi da ikon yi mini rajista, domin gidan ba a Mannheim yake ba, kuma ba ma a jiharsu yake ba. Ya ɗauko taswira ya nuna mini da bakin biro cewa iyakar tana tsakiyar kogi, duk wanda ya haye gadar Konrad Adenauer ko ta Kurt Schumacher ya bar Baden-Württemberg ya shiga Rheinland-Pfalz. Ya ƙara da cewa ofishin baƙi da zai ba ni izinin zama shi ma na garin da nake kwana ne, ba na garin makaranta ba. Na dawo a ƙafa ta kan gadar, na tsaya a tsakiya ina kallon jiragen dakon kaya suna wucewa ta ƙarƙashina, ina lissafin cewa kwana shida sun tafi cikin goma sha huɗu. Rashin sani ya fi dare duhu, amma a gaskiya babu wanda ya ɓoye mini wannan bayani, tambayar da ta dace ce ban yi ba.

Daga baya na bi diddigin dalilin wannan rarrabuwa, kuma ina ganin sanin sa yana taimaka wa baƙo. A da can gaɓoɓin biyu ƙasa ɗaya ce mai suna Kurpfalz, wadda sarkinta ya mayar da fadarsa daga Heidelberg zuwa Mannheim a 1720. A zamanin Napoleon aka ba wa Baden gaɓar gabas a 1803, bayan faɗuwarsa kuma gaɓar yamma ta koma hannun Bavariya a 1816, shi ya sa Ludwigshafen, wadda asalinta ganuwar tsaron Mannheim ce a tsallaken ruwa, take ɗauke da sunan sarkin Bavariya Ludwig na ɗaya. Bayan yaƙin duniya na biyu Faransawa suka riƙe yamma, Amurkawa suka riƙe gabas, aka kafa Rheinland-Pfalz a 1946 da Baden-Württemberg a 1952, yayin da gefen arewa ya faɗa cikin jihar Hessen. Mutane kuwa ba su daina haye ruwa don aiki da kasuwa da aure ba, har karin harshensu iri ɗaya ne. A 2005 aka amince da wurin a matsayin yankin manyan birane guda, jihohin uku suka sa hannu kan yarjejeniyar tsara ƙasa da sufuri tare, kuma yanzu mutanen yankin sun kai kimanin miliyan 2.4. Amma wannan haɗin kai na tsare-tsare ne da tattalin arziki, bai shafe iyakar ofisoshin rajista da na baƙi da na ilimi ba, kuma a nan ne sabon zuwa yake tuntuɓe.

Na sami lokacin ganawa a Ludwigshafen ranar Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan na yi kwana uku ina duba shafin da sassafe, lokacin da ake sakin guraben waɗanda suka fasa zuwa. Abin da ya ɗauke ni duk wannan fargaba bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma ba a biya ko sisi. Na miƙa fasfo da shaidar mai gida da fom ɗin da na cike. An tambaye ni addinina, tambayar da ta ɗan sa na yi turus, amma dalilinta haraji ne, domin mabiya manyan majami'u ana cire musu harajin coci daga albashi, Musulmi kuwa ba ya biya. Aka ba ni takarda guda mai hatimi, Meldebestätigung, wadda daga nan kusan kowane ofishi ya nema. Ma'aikaciyar ta ce lambar haraji mai lambobi 11 za ta zo ta gidan waya. Na jira mako huɗu shiru, sai abokin zamana ya lura cewa sunana ba ya jikin akwatin wasiƙu na ƙofar gida. A Jamus ɗan aike yana bin suna ne, idan bai ga sunan mahaifi daidai yadda yake a jikin ambulan ba sai ya mayar da wasiƙar. Na rubuta sunana a ƴar takarda na manna da salatif a ƙarƙashin sunayen sauran biyun, na koma na nemi a ba ni lambar. Wasiƙar da ta fara shigowa akwatin bayan haka ita ce ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata, wanda ake biya a kan kowane gida ba kowane mutum ba, don haka na rubuta musu lambar abokin zamana da yake biya, muka riƙa raba kuɗin uku.

Da takardar rajista a hannu na buɗe asusun banki na yau da kullum, na haɗa shi da kullallen asusun da na zuba Yuro 11,208 tun ina gida, wanda daga cikinsa ake sakar mini Yuro 934 kowane wata. Wannan adadi ya ƙaru zuwa Yuro 11,904 daga Satumban 2024, don haka kowa ya duba na shekararsa. Abin lura shi ne kuɗin ba ya fitowa sai an sami asusun da zai faɗa ciki, shi kuma asusun a mafi yawan bankuna sai da adireshi, saboda haka na yi wata guda cur ina rayuwa da tsabar kuɗin da na riƙo. Wanda ya zo da ƙasa da Yuro 1,500 a hannu, ban da kuɗin makaranta, zai sha wuya kafin ƙofar ta buɗe. Da asusun ya fara aiki na yanki tikitin wata na Deutschlandticket, a lokacin Yuro 49, wanda ake hawa motocin safa da jiragen titi da jiragen ƙasa na kusa da shi a duk faɗin ƙasar, amma ban da ICE. A harkar sufuri kam yankin ya zama ɗaya da gaske, tun da aka kafa ƙungiyar sufuri ta VRN a 1989 aka kuma fara jiragen ƙasa na kewayen birane da suke kira S-Bahn a ƙarshen 2003. Na gane amfanin haka ranar Laraba, 1 ga Nuwamba, da na fita sayen abinci na tarar da shaguna a rufe a Ludwigshafen, na haye Mannheim na tarar da su a rufe. Na kira Baba, ya ce, "Yau hutun coci ne a jihohi biyu, amma ban da Hessen. Hau layi na 5 ka sauka a Viernheim." Na je na iske babbar kasuwar garin cike da mutanen jihohin biyu. Ranar 6 ga Janairu kuma Mannheim ce kaɗai take rufewa, jama'arta su haye Ludwigshafen sayayya. Ga ma'aikaci, hutun yana bin inda wurin aikinsa yake, ba inda gidansa yake ba.

Mataki mafi muhimmanci shi ne izinin zama, kuma a nan na yi jinkirin da bai kamata ba, domin na bari sai tsakiyar Nuwamba kafin na aika buƙatata, alhali bizata za ta ƙare a makon farko na Disamba. Na haɗa kwafin fasfo da biza, da takardar rajistar adireshi, da shaidar zama ɗalibi ta wannan zango, da shaidar inshora, da bayanin kullallen asusu, da takardar haya. Aka amsa mini cewa ranar ganawa sai cikin Janairu. Daren da na karanta wannan amsa ban runtsa ba, ina ganin kamar da zarar bizar ta ƙare na zama mai zaman haram. Mai ba ɗaliban waje shawara a makarantarmu ce ta kwantar mini da hankali, ta bayyana cewa muddin mutum ya shigar da buƙatarsa kafin bizar ta ƙare, doka tana ɗaukar zamansa halattacce har a yanke hukunci, kuma akwai takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung da ke shaida haka. Na nema aka ba ni kan Yuro 13, kuma ban bar ƙasar ba a tsawon wannan lokaci. A ranar ganawar na kai ainihin takardun da hoton fuska irin na fasfo, aka ɗauki zanen yatsuna biyu, na sa hannu, na biya Yuro 100 da katin banki. Ganawar ba ta wuce minti ashirin ba. Katin ana buga shi ne a Berlin, don haka na ƙara jiran mako biyar, wasiƙa mai ɗauke da lambar sirri ta riga shi zuwa, sannan na je na karɓa tare da wata ƴar koriyar takarda da aka rubuta sharuɗɗan aiki a jiki. A lokacin kwana 120 cikakku ko rabi-rabi 240 aka yarje wa ɗalibi ya yi aiki a shekara, daga Maris 2024 aka ƙara zuwa 140 ko 280.

A watan Maris ɗin na sami aikin ɗalibai na sa'a 16 a mako a wani kamfanin dakon kwantena da ke tashar ruwan Mannheim, ɗaya daga manyan tasoshin cikin ƙasa a Turai. Sun nemi katin izinin zama da koriyar takardar, da lambar haraji, da lambar fansho wadda kamfanin inshorata ya samo mini, da shaidar makaranta. A nan na gane darajar wasiƙar da ta taɓa komawa, domin wanda bai kawo lambar haraji ba ana yanke masa haraji mafi tsanani har sai ya kawo. A wannan ofis ne na fahimci abin da yake riƙe da yankin. Kowace safiya shugabar sashenmu, kafin ta cire rigar sanyi, sai ta duba zurfin ruwa a ma'aunin Kaub, wani ƙaramin gari tsakanin Mainz da Koblenz inda kogin Rhine ya fi ƙarancin zurfi, domin duk jirgin da zai taso daga Rotterdam ko Antwerp zuwa wurinmu sai ya ratsa ta nan. Idan ruwa ya ja baya, jirgi ba ya ɗaukar cikakken lodi, sai a ƙara wa masu kaya kuɗi. Tsofaffin ma'aikata har yanzu suna maganar kakar 2018, lokacin da ma'aunin ya sauka zuwa santimita 25, kamfanin sinadarai na BASF ya yi asarar kimanin Yuro miliyan 250 saboda kayan aiki sun kasa isowa. Daga tagar ofishin ana hango wannan masana'anta a tsallake, bututu da hasumiyoyi a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 10, inda mutum sama da 30,000 suke aiki. An kafa ta a Mannheim a 1865, amma da aka kasa daidaitawa kan fili sai ta haye ruwa, garin Ludwigshafen ya girma a jikinta. A unguwar Oppau da ke nan aka fara sarrafa sinadarin ammoniya da yawa a 1913, wanda shi ne tushen takin zamani irin yuriya da manomanmu suke zubawa a masara da shinkafa, kuma a nan fashewar 1921 ta hallaka mutum sama da 500.

Mai neman aiki ya kamata ya san cewa yankin bai dogara ga sinadarai kaɗai ba, kuma yana cikin sauyi. A Fabrairun 2023, bayan tsadar iskar gas da ta biyo bayan yaƙin Yukiren, BASF ta sanar da rage ma'aikata 2,600 a duniya da rufe ɗaya daga masana'antun ammoniya biyu na Ludwigshafen, kuma na ji yadda wannan yake damun maƙwabtana da iyayensu da kakanninsu duk a can suka yi aiki. A ɗaya gefen kuma akwai kamfanin manhajar kwamfuta na SAP a Walldorf, kudu da Heidelberg, wanda aka kafa a 1972, da masana'antar taraktocin John Deere da ta kamfanin magunguna na Roche da hedikwatar kamfanin sukari na Südzucker a Mannheim, garin da Carl Benz ya ƙera motarsa ta farko a 1885. Tsofaffin barikokin sojojin Amurka, waɗanda suka tashi a farkon shekarun 2010, ana mayar da su unguwanni, kamar Franklin a Mannheim, kuma can ne wasu abokan karatuna suka sami sabbin ɗakuna. Ludwigshafen kuwa tana fama da tsofaffin gadojin sama, ciki har da ta kudu da aka rufe a 2019 saboda tsagewa aka rushe wani sashenta a 2020, shi ya sa cunkoson motoci a bakin kogi yake da yawa, jirgi ko keke ya fi sauri. Arhar hayar da na samu tana da alaƙa da wannan hali na garin, kuma ban yi nadamar zama a cikinsa ba.

Da zan sake bin wannan hanya, da tun kafin in sa hannu kan takardar haya zan duba sunan gari da jihar da gidan yake, in rubuta a gefe cewa rajistar adireshi da ofishin baƙi da ofishin haraji duk na wannan gari ne, kuɗin makaranta da ranakun hutun aiki kuma na inda makaranta ko kamfani yake ne. Da zan kama lokacin rajista tun ranar da na san ranar tarewa, in manna sunana a akwatin wasiƙu kafin in kwance jaka, in aika buƙatar izinin zama a makon da aka ba ni takardar rajista ba tare da jiran bizar ta kusa ƙarewa ba, kuma in ajiye kwafin saƙon da na aika a matsayin shaida. Wanda bai riga ya zaɓi makaranta ba, kuma kuɗi ya yi masa ƙaranci, ya dubi makarantun gaɓar yamma da idon basira, domin bambancin Yuro 1,500 a zango yana tsakanin tashoshin jirgi biyu ne kacal. Jamusanci ko kaɗan ne yana da amfani a gaban tebur, saboda wasiƙun duk da shi suke zuwa, kuma kowace tana da wa'adi a ciki.

A ƙarshen 2024 wani abokin aikina ya yi mini tayin ɗaki a unguwar Neckarstadt da ke Mannheim, kusa da tashar ruwa, a daidai lokacin da nake shirin sabunta katina. Kafin in amsa na je na tambaya, aka gaya mini cewa tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan yana nufin sabuwar rajista cikin mako biyu, da manna sabon adireshi a bayan kati, da tura fayil ɗina daga ofishin baƙi na jiha ɗaya zuwa na wata, kuma sabon ofishin ba zai taɓa buƙatata ba sai fayil ɗin ya isa hannunsa. Na roƙi mai ɗakin ya jira ni wata biyu, na biya rabin haya a tsakani, na kammala sabuntawar a Ludwigshafen, sannan na ɗauki akwatina biyu na haye gadar Kurt Schumacher.